Me ya sa tsuntsun gal ya cika birane alhali ana cewa yana ƙarewa?

Tambaya: Ina zaune da iyalina a wani gari na bakin teku a kudancin Ingila. Kwanakin baya wani babban farin tsuntsun teku da ake kira gal ya sauko ta bayan 'yata ya fizge abincin da ke hannunta, har ta firgita. Da na yi ƙorafi sai maƙwabta suka ce doka ta hana a taɓa shi, wai yawansa ma raguwa yake yi. Ta yaya tsuntsun da ya cika rufin gidaje da kwandunan shara zai zama abin da ake tsoron ƙarewarsa? Kuma wannan ƙwace a jininsa yake, ko koya ya yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ina yi wa yarinyar jaje, domin na san abin yana da firgitarwa. Ina kyautata zaton wanda ya yi mata wannan aiki shi ne gal mai tokar baya, wanda masana ke kira Larus argentatus. Nauyinsa yakan kai kilo 1, idan kuma ya buɗe fikafikansa sukan doshi mita ɗaya da rabi, don haka ko babban mutum ya ji iskarsa a ƙeya sai gabansa ya faɗi. Na shafe shekaru ina sanya wa waɗannan tsuntsaye zobe a ƙafa, a tsibirai da kan rufin masana'antu, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne maƙwabtanka gaskiya suka faɗa, kai ma abin da idonka ya gani gaskiya ne. Zan fara da tambayarka ta biyu, saboda sai an san halin tsuntsun sannan ake gane abin da ya kawo shi gari.

Kaɗan ne cikin tsuntsayen duniya aka zauna aka nazarci halinsu kamar gal. Wanda ya kafa tubalin wannan nazari shi ne Niko Tinbergen, ɗan ƙasar Holan, wanda ya koma Jami'ar Oxford a 1949, kuma ya samu lambar Nobel a 1973 tare da Konrad Lorenz da Karl von Frisch. Idan ka dubi bakin babban gal da kyau za ka ga rawaya ne, amma kusa da tsininsa, ta ƙasa, akwai wani jan ɗigo. Ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya, wanda bai taɓa cin komai ba, wannan ɗigo yake sara da ɗan bakinsa, kuma saran ne yake sa uwa ko uba su amayo masa abincin da suka kawo. Tinbergen da ɗalibansa sun yanka kwalaye da siffar kan tsuntsun, wani da jan ɗigo, wani da ɗigo na wata kala, wani babu ɗigo sam, suka riƙa nuna wa 'ya'yan da ba su taɓa ganin iyayensu ba, suna ƙirga sara nawa kowane kwali ya sha. Sakamakon da suka buga a 1950 ya nuna cewa kwalin da babu ɗigo shi ne ya fi shan wulaƙanci, mai ja kuma ya fi jan hankali. Abin mamakin shi ne da suka kawo wani siririn jan sanda mai farin zane uku a kusa da bakinsa, wanda bai yi kama da tsuntsu ta kowace fuska ba, sai 'ya'yan suka fi saransa a kan kan da ya yi kama da na iyayensu.

Ina so in tsaya kaɗan a nan, domin akwai abin da ba a cika faɗa ba. A 2009 wani masani na Jami'ar Leiden, Carel ten Cate, ya koma ga rubuce-rubucen Tinbergen na farko, ya tarar cewa a gwajin fari jan ɗigon bai zo na ɗaya ba, saboda an fi nuna shi har 'ya'yan suka gaji da shi, kuma Tinbergen gyara alƙaluman ya yi da lissafi, daga baya ya daina ambaton gyaran. Sai ten Cate ya sake gwajin da tsari mai kyau, ya samu cewa jan ɗigon dai shi ne kan gaba. Wannan labari yana da daraja a wurina, domin ya nuna cewa a wannan fage ba a karɓar magana don girman mai ita, sai an sake aunawa. Kafin nan ma, a shekarun 1960, Jack Hailman a Amurka ya nuna da wani nau'in gal na can cewa saran farko ba ya samun saiti sosai, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ɗan yake ƙwarewa, sannan a hankali ya gane siffar kan iyayensa ya daina kula kwali. Wato gado yana ba shi mafari ne kawai, koyo kuma shi yake ƙarasa ginin.

Aikin Tinbergen da ya fi burge ni shi ne wanda ya yi a Ravenglass, a gaɓar arewa maso yammacin Ingila, a kan ƙaramin gal mai baƙin kai, wanda aka buga a 1962. Ya lura cewa idan ɗa ya fito daga ƙwai, iyaye sukan ɗauki ɓawon da baki su kai shi nesa su yar. Wajen ƙwan yana da dabbare-dabbare da ke sajewa da ƙasa, amma cikin ɓawon fari ne tas. Sai ya shimfiɗa ƙwai a fili, wasu da ɓawo a kusa, wasu da ɓawo a nesa, ya ga hankaki sun fi gano waɗanda ɓawo ke gefensu. Sai kuma wata tambaya ta taso: in haka ne, me ya sa iyayen ba sa ɗauke ɓawon nan take, sai sun jira kamar awa guda? Amsar tana wajen maƙwabta. Ɗan da bai bushe ba yana da santsi, gal ɗin da ke sheƙar gefe yana iya haɗiye shi cikin ƙiftawar ido, don haka uwa ba ta tashi sai gashinsa ya bushe ya yi laushi. A ɗaya ɓangaren, ɗalibarsa Esther Cullen ta nuna a 1957 cewa kitiwek, wani gal da ke sheƙa a 'yan tsagogin dutse mai tsayi inda mafarauta ba sa isa, bai damu da ɗauke ɓawo ba, 'ya'yansa kuma ba sa yawo, suna zaune ne fuskarsu ga dutse don kada su faɗo. Kowane hali yana da dalilinsa a wurin zaman tsuntsun; ruwa ba ya tsami banza.

Ƙara a kan wannan cewa gal tsuntsu ne mai tsawon rai. Ba ya fara haihuwa sai ya kai shekara 4, kuma a waɗannan shekaru gashinsa ruwan ƙasa ne mai ɗige-ɗige, har mutane da yawa suna ɗaukan matasan wani tsuntsu ne daban. Zoben ƙafa ya nuna akwai waɗanda suka haura shekara 30. Wanda zai rayu haka, kuma ba ya zaɓen abinci, dole ya zama mai lura. Za ka gan shi a filin ciyawa yana buga ƙafafu a wuri ɗaya kamar mai rawa, don tana ta fito sama ya tsince. Za ka gan shi ya ɗauki ƙumbar ruwa ya tashi sama ya sake ta a kan dutse ko kwalta don ta fashe, kuma matasa sun fi manya kuskure a wannan, sukan sake ta a kan yashi ko daga ƙasa-ƙasa. Ƙwace ma tsohuwar sana'arsa ce, amma daga bakin wasu tsuntsaye yake yin ta tun kafin ya san mutum.

Game da mu'amalarsa da mutane, binciken da ya fi dacewa da tambayarka shi ne na Madeleine Goumas da abokan aikinta na Jami'ar Exeter, wanda aka buga a 2019. A garuruwan bakin teku na Cornwall, sun ajiye ledar soyayyen dankali a ƙasa, mai binciken ta tsuguna kusa, wani lokaci tana kallon tsuntsun ido cikin ido, wani lokaci ta kau da kai. Daga tsuntsaye 74 da suka gwada, mafi yawa ko kusantar ledar ba su yi ba, 19 ne kawai suka kammala gwajin biyu, kuma waɗannan sun ƙara jinkirin kimanin daƙiƙa 21 kafin su taɓa abincin idan ana kallon su. Abu biyu nake so ka riƙe daga nan. Na ɗaya, tsuntsun yana karanta inda idonka yake, shi ya sa ya zo wa 'yarka ta baya. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a ganina, masu ƙarfin halin ƙwace 'yan tsiraru ne. Sau da yawa tsuntsaye ƙalilan ne da suka ƙware a bakin titi guda suke ɓata sunan dubbai.

A shekarar da ta biyo, masu binciken nan sun ajiye abinci iri ɗaya guda biyu, suka ɗauki ɗaya suka jujjuya a hannu suka mayar, sai 19 daga cikin tsuntsaye 24 da suka sari abincin suka zaɓi wanda aka taɓa. A 2023 masu bincike na Jami'ar Sussex sun gwada a Brighton da ledoji masu kala daban-daban, suka ga kusan duk tsuntsun da ya sari leda, mai kalar wadda mutumin ke ci a gabansa ya zaɓa. A Bristol kuma Anouk Spelt da abokan aikinta sun ɗaura wa wasu gal masu baƙin baya ƙananan na'urorin GPS, suka haɗa da zaman lura a wuraren cin abincinsu, suka tarar tsuntsayen suna taruwa a wata makaranta daidai lokacin tara da lokacin cin abincin rana, ranakun da ba makaranta kuwa ba sa damuwa da wurin, haka nan suna bin lokacin da ake sauke shara a wata cibiyar tara ta. Saboda haka amsar tambayarka ita ce: lura da kwaɗayin gwada sabon abu a jininsa suke, amma sanin cewa hannun ɗan Adam wurin abinci ne, mu muka koya masa, duk ranar da wani ya jefa masa guntun burodi don ya ɗauki hoto.

Yanzu ga batun yawansu. A ƙarni na 19 an yi wa tsuntsayen teku ɓarna mai yawa a Birtaniya: ana kwasar ƙwansu, ana harbinsu don nishaɗi daga cikin kwale-kwale, ana yanke fikafikan kitiwek don ƙawata hulunan mata. Kisan da ake yi a duwatsun Flamborough da Bempton na cikin abin da ya sa majalisa ta yi dokar kare tsuntsayen teku a 1869, kuma adawa da cinikin gashin tsuntsu ita ta haifi ƙungiyar kare tsuntsaye a 1889, wadda daga baya ta zama RSPB. Da aka daina kashe su, sai kuma abinci ya zo musu a yalwace ta hanya biyu. Manyan jiragen kamun kifi suna zubar da kayan ciki da kifin da ba su so a teku, sannan bayan dokar tsaftace iska ta 1956 ta taƙaita hayaƙi a garuruwa, sharar gidaje da a da ake ƙonawa ta koma manyan jujin da ake barin ta a buɗe. Gal ya yi ta ƙaruwa har zuwa wajen 1970.

Daga nan kiɗa ya canza. Ƙidayar farko ta tsuntsayen teku a faɗin Birtaniya da Ayalan an yi ta a 1969 zuwa 1970, kuma da aka sake a 1998 zuwa 2002 sai aka ga gal mai tokar baya ya ragu da fiye da rabi. Wannan ya sa aka shigar da shi jan jerin tsuntsayen da aka fi damuwa da su a Birtaniya a 2009, kuma ƙidayar 2015 zuwa 2021 ta nuna waɗanda ke sheƙa a tsibirai da gaɓar teku sun ci gaba da raguwa. Dalilan sun taru ne suka yi masa rubdugu. Jujin da ya ciyar da shi ya riƙa kashe shi da gubar botulizim da ke fitowa daga ruɓaɓɓen abinci a lokacin zafi. Daga baya aka rufe jujin da yawa, sauran kuma ake binne sharar da wuri. Tarayyar Turai ta hana zubar da kifi a teku a matakai daga 2015 zuwa 2019. Dila da wata dabba mai kama da tunku da ake kira mink, wadda ta kuɓuce daga gonakin da ake kiwonta don fatarta, suka shiga matattarun da ke ƙasa. A Orford Ness, a gaɓar gabashin Ingila, ƙaramin gal mai baƙin baya ya haura sheƙa 20,000 a ƙarshen shekarun 1990, amma daga baya ya koma 'yan ɗaruruwa, kuma dila na da babban hannu a ciki. Na taɓa isa wata matattara da sassafe bayan dila ya kwana yana zagaye a cikinta. Manyan suna tsaye a kan duwatsu shiru, sheƙa bayan sheƙa babu ƙwai, ga sawunsa a yashi. Tsawon ran tsuntsun nan yana ɓoye irin wannan asara, domin iyayen za su dawo baɗi da baɗin baɗaɗa, mai wucewa ya ga wuri cike da farare, alhali an yi shekaru babu ɗa ko ɗaya da ya tashi.

Rufin gari kuwa, a idon gal, tsibiri ne da dila ba ya iya hawa. Ya fi bakin teku ɗumi, fitilun titi suna ba shi damar neman abinci da dare, ga shara a ƙasa. Kafin shekarun 1940 sheƙa a kan rufi abu ne da ba a saba gani ba a Birtaniya, amma daga shekarun 1960 ta yaɗu har cikin biranen da ke nesa da teku. Bari in kwatanta maka yadda rufin yake a watan Yuni. Muna hawa da asuba, kafin kwano ya yi zafi. Sheƙar tarin ciyawa ce da gansakuka da guntayen leda a jikin bututun hayaƙi ko bayan tagar rufi, yawanci da ƙwai 3, waɗanda iyayen biyu suke karɓa-karɓar kwanci a kansu kusan mako 4. Da sun gan mu sai kowa ya tashi da ihu, 'ya'yan kuma su ruga su cusa kai a magudanar ruwa su lafe, gashinsu mai ɗige-ɗige ya saje da datti har sai ka kusa taka su. Idan ka ɗago ɗaya don sanya zobe, yakan amayo abin da ya ci a hannunka, kuma wannan aman littafi ne a wurinmu: a cikin na ɗa guda na taɓa samun tana, da ƙashin kaza, da ƙaramin kaguwa, da guntun roba. Uban kuma yana zuwa ta baya ne, ya yi ƙasa-ƙasa ya doke ka da ƙafa a kai, shi ya sa muke sa hular kwano. Wanda ya ga irin yadda suke tsayawa a kan 'ya'yansu ba zai ƙara kiran abin mugunta ba.

Kada ka ɗauka cewa waɗanda ka gani a gari su ne na tsibirin da suka yi hijira gaba ɗaya. Sanya wa tsuntsu zobe don bincike ya faro ne daga wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, a 1899, kuma a yau ban da zoben ƙarfe ana ƙara na roba mai kala da manyan haruffa da ake karantawa daga nesa da madubin hange. Peter Rock ya fara yi wa na Bristol haka tun 1980, kuma abin da irin wannan aiki ya nuna shi ne wanda aka ƙyanƙyashe a rufi galibi rufi yake nema idan ya isa haihuwa. Kusan al'umma biyu ce, ɗaya tana bunƙasa a inda kowa ke gani, ɗaya tana shuɗewa a inda sai mai jirgin ruwa yake zuwa. Ƙidayar na gari tana da wuya ƙwarai, domin daga titi ba a hango mafi yawan sheƙar, sai an hau dogon gini ko an yi amfani da jirgi marar matuƙi, shi ya sa nake jan kunnen duk mai yanke hukunci da abin da ya gani daga ƙofar gidansa. Zoben ya kuma nuna cewa tsuntsun ba na ƙasa ɗaya ba ne: ƙaramin mai baƙin baya da ya yi sheƙa a Ingila ko Holan yakan yi hunturu a Sifaniya, Fotugal, Maroko, wasu har Muritaniya da Senegal, na yankin tekun Baltik kuma sukan kai Gabashin Afirka. Wannan ne dalilin yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Yammacin Asiya, wadda aka ƙulla a 1995.

Sauran 'yan'uwansa ma akwai waɗanda suka shiga uku. Kitiwek, wanda galibi kifi yake ci daga saman ruwa, ya dogara a tekun Arewa da wasu ƙananan kifaye masu shiga yashi, waɗanda ɗumamar ruwa da kamun wuce gona da iri suka rage. A 2017 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar haɗarin ƙarewa a duniya, a 2024 kuma Birtaniya ta rufe kamun waɗannan kifaye a ruwanta na tekun Arewa. Murar tsuntsaye mai tsanani ta H5N1 ta afka wa matattarun tsuntsayen teku daga 2021, a 2023 ta kashe dubban gal masu baƙin kai a lokacin sheƙa, kuma a 2024 an ƙara wasu nau'i biyu na gal a jan jerin, har da babban mai baƙin baya, wanda ya fi kowane gal girma a duniya.

Ba zan ɓoye maka ba cewa akwai inda gal shi ne matsalar. A Peninsula Valdés ta Ajantina, wani gal na kudancin duniya ya koyi sauka a bayan babbar dabbar tekun nan da ake kira wel idan ta taso numfashi, yana tsagar fata yana cin kitse, kuma 'ya'yan ne suka fi shan wahala. A shekarun 1970 kaɗan ne ake gani da irin wannan rauni, amma zuwa shekarun 2000 kusan kowace uwa da ɗanta suna ɗauke da shi, kuma yawan tsuntsun a yankin ya ƙaru ne da sharar masana'antun kifi da jujin da aka bari a buɗe. A jihar Maine ta Amurka, da Stephen Kress ya fara aikin dawo da wani ƙaramin tsuntsun teku da ake kira fafin zuwa tsibirin Eastern Egg Rock a 1973, sai da aka kawar da manyan gal daga tsibirin kafin fafin ya sake haihuwa a can a 1981. A irin wannan wuri, ƙaramin tsibiri, da nau'in da ke gab da ɓacewa daga yankin, da hujja a rubuce, da izinin hukuma, na yarda da a sa hannu, ko da yake ban taɓa jin daɗinsa ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne kiran da ake yi duk bazara cewa a yi wa na gari kisan kiyashi. An gwada kisa mai yawa a tsibirin May na Sikotland daga 1972, kuma John Coulson da abokan aikinsa da suka bibiyi lamarin sun ga cewa da wuri ya yi sarari, waɗanda suka rage sun fara haihuwa da ƙarancin shekaru, ƙwansu kuma ya ƙara girma. Muddin abinci yana nan, gurbin da ka buɗe wani zai cike shi, waɗanda ka tarwatsa kuma su koma rufin unguwar gaba. Dokar kare namun daji ta 1981 ta hana kashe tsuntsun ko lalata sheƙar da ake amfani da ita ko ƙwanta, kuma a Ingila sai da lasisi na musamman daga hukumar Natural England, wanda ake bayarwa idan akwai haɗari ga lafiya ko tsaron jama'a, ba don hayaniya ko kashi a kan mota ba. Akwai ma amfanin da muke samu daga rayuwarsa: tun 1974 Kanada take auna guba a cikin ƙwan gal na manyan tafkunan Arewacin Amurka duk shekara, kuma daga waɗannan ƙwai aka ga yadda maganin ƙwari na DDT da sinadarin masana'antu na PCB suka ragu bayan an hana su, aka kuma hango sababbin sinadarai suna shigowa ruwan.

Abin da za ka iya yi kai da iyalinka ba shi da wahala. Idan za ku ci abinci a waje, ku jingina da bango ko ku zauna ƙarƙashin rumfa, domin yana buƙatar sarari ta baya kafin ya kawo farmaki, kuma idan ka ga ɗaya yana matsowa a ƙasa ka zuba masa ido. Ka koya wa yarinyar ta riƙe abinci kusa da ƙirjinta. Kada ku ba shi komai, ko da ɓarɓashi ne, kuma a rufe kwandon shara da murfi mai ƙarfi, a daina ajiye baƙar leda a titi tun dare. Daga Mayu zuwa Yuli, idan ya riƙa kawo maka sura a ƙofar gida ba tare da abinci a hannunka ba, to akwai ɗa a kusa; ka ɗaga lema ka wuce, cikin kamar mako 6 ɗan zai tashi, abin ya wuce. Ɗan da ya faɗo ƙasa, idan ba rauni gare shi ba kuma ba a kan hanyar mota yake ba, a bar shi, iyayensa suna ciyar da shi a nan. Idan ba ka son sheƙa a rufinka, lokacin gyara shi ne hunturu, kafin su dawo, kuma ka tabbatar ƙwararre ne ya ɗaura ragar ya ja ta sosai, domin na sha ciro gawar tsuntsun da ya maƙale a sakakkiyar raga ya yi kwanaki yana fama da ƙishi. Gawar tsuntsu ko marar lafiya kuwa kada a taɓa da hannu saboda murar da na ambata, a sanar da hukuma.

Idan kuma wata rana ka ga ɗaya da zoben roba a ƙafa, ka ɗauki hotonsa, ka rubuta kalar zoben da haruffan da ke jiki, da ƙafar da yake, da wuri da kwanan wata, ka aika wa ƙungiyar BTO, wadda ke kula da sanya zobe a Birtaniya. Yawanci wanda ya sanya zoben zai aiko maka da tarihin tsuntsun: rufin ko tsibirin da aka ƙyanƙyashe shi, shekararsa nawa, da duk tashar jirgin ruwa ko jujin da wani ya taɓa hango shi daga Ingila zuwa gaɓar Maroko. Zai yi kyau ka zauna da 'yarka ku duba wuraren a taswira tare.